Gambarar Zamani: Tunawa da Lokacin da Hip-Hop Yake Wasa

Gabatarwa

Da farko ina miƙa gaisuwa ga malamanmu. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara masu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya jiƙansu da rahama. Haka nan ina gaida 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai baki ɗaya, musamman 'yan ajinmu waɗanda muka shiga aji ɗaya tare a shekarar 2001, muka fita a 2007.

Da Edita ya aiko mini cewa in rubuto wani abu na tarihi domin wannan fitowa ta mujallarmu, na san abin da yake tsammani: tarihin sarauta, ko na kasuwa, ko na kafuwar makaranta. To, ina neman afuwarsa, domin alƙalamin nawa ya bi wata hanya dabam, kuma ga dalili.

A hutun Sallar da ya wuce na je gida Mawashi, sai na tarar da ɗan yayana, yaro ɗan shekara 14, yana zaune shi kaɗai a zaure. Ya toshe kunnuwansa da abin sauraren waya yana gyaɗa kai, fuskar nan a murtuke kamar wanda aka aiko wa da sammaci. Na ce ya ba ni in ji. Kiɗan ya fi namu na da tsabta nesa ba kusa ba, mawaƙin kuma Hausa yake zubawa kamar ruwan sama. Amma tun daga farkon waƙar har ƙarshenta ban ji wurin da mutum zai murmusa ba. Daga zancen kuɗi sai na mota, daga na mota sai na maƙiya. Sai na tuna cewa wannan kiɗa dai shi ne wanda a zamaninmu yake sa mu dariya har mu riƙe ciki. Shi ya sa na ga ya dace in bi sawun tarihinsa, in ga daga ina wasan ya fito, kuma a ina ya ɓace.

Asalin Abin: Bikin Komawa Makaranta

Masana tarihin wannan kiɗa sun tafi a kan cewa an haife shi ne ranar 11 ga Agusta, 1973, a wani gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx, cikin birnin New York na ƙasar Amurka. Abin da zai ba tsohon ɗalibi sha'awa shi ne dalilin taron. Wata yarinya mai suna Cindy Campbell ce take neman kuɗin sayen tufafin komawa makaranta bayan dogon hutu, sai ta shirya ɗan biki, ta sa kuɗin shiga sent 25 ga mata, sent 50 ga maza. Wanta Clive Campbell, wanda aka haifa a ƙasar Jamaika, aka kuma fi sani da Kool Herc, shi ta ɗora a kan saka faifai.

Shi wannan saurayi ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai inda mawaƙi ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai. Sai ya yi dabara: ya samo faifai biyu na waƙa ɗaya, ya ɗora kowanne a kan na'urarsa, idan wurin gangar ya ƙare a wannan sai ya tayar da shi a wancan. Ta haka kiɗan da bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba ya koma na mintuna. Samarin da ke shiga fili a wannan gaɓa suna juyi a ƙasa su ne mafarin rawar birek. Wanda yake riƙe da makirfo yana kiran sunayen abokai, yana wasa su, yana tsokanar wasu, shi ne mafarin mai waƙar rap. In da a ƙasar Hausa ne, sanƙira za mu kira shi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa daɗi ne ya yi wa mutanen Bronx yawa. A shekarun 1970 unguwar tana cikin talauci, gidaje suna ƙonewa, matasa ba aikin yi. Idan za su yi wasa a fili, daga jikin falwayar fitilar titi suke jawo wuta su kunna lasifika. Wato dai a tsakiyar wahala suka ƙirƙiro wa kansu abin dariya.

A shekarar 1979 wata ƙungiya mai suna Sugarhill Gang ta fitar da faifan "Rapper's Delight", wanda tsawonsa ya kusa minti 15, kuma shi ne ya fara kai wannan salo kunnen duniya. A cikinsa akwai inda mawaƙin yake ba da labarin yadda ya je gidan abokinsa aka kawo masa abinci marar daɗi, ya rasa yadda zai yi ya ƙi ci ba tare da ya ɓata wa masu gida rai ba. Bayan su aka yi Fat Boys, wasu ƙattai uku da suka mayar da ƙibarsu da son cinsu abin waƙa, ɗaya daga cikinsu kuma da bakinsa yake kwaikwayon ganga. Kai, hatta kyautar Grammy ta farko da aka ware wa rap, a shekarar 1989, wasu samari biyu ne suka ci ta, DJ Jazzy Jeff da Fresh Prince, wanda daga baya duniya ta sani da Will Smith. Waƙar tasu ƙorafi ce ta yaro a kan cewa iyaye ba su fahimtar 'ya'yansu, ciki har da yadda uwarsa ta saya masa kayan makaranta waɗanda yayinsu ya wuce. A 1990 MC Hammer ya zo da wandonsa mai kama da buje, a 1992 kuma wasu yara biyu, Kris Kross, suka fito suna sa tufafinsu gaba a baya.

Abinci marar daɗi, da faɗan iyaye, da kayan makaranta, da burgar da ba ta cutar da kowa: waɗannan su ne jigogin wancan zamani. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cewa kayan gidanmu ne.

Yadda Ya Iso Gare Mu

A Nijeriya ma da barkwanci abin ya fara kama ƙasa. A farkon shekarun 1990 wasu samari biyu a Legas, Junior da Pretty, suka yi suna da waƙar "Monika" cikin Turancin buroka, wadda labarin ban dariya ce. Wajen ƙarshen shekarun aka yi ƙungiyar Remedies da waƙarsu "Shakomo". Ɗaya daga cikinsu, Eedris Abdulkareem, a Kano aka haife shi, can ya tashi, saboda haka muke ganin kamar namu ne.

Mu da muke kan hanyar Kano zuwa Katsina, tsakanin Kankiya da Kusada, kaya kan iso mana ne a makare. Kaset zai fito daga Amurka ya sauka Legas, daga Legas ya hau Kano, a Kano a yi ta kwafarsa daga wannan kaset zuwa wancan har muryar ta dushe, sa'an nan wani yaya da ke karatu a birni ya gaji da shi ya jefa wa ƙanensa. A da muna jin haushin wannan jinkiri, amma yanzu na gane alheri ne. Domin a 2001 da 2002, lokacin da Amurka ta daɗe da barin wancan zamani na wasa, mu a lokacin muke cikin tsakiyarsa. Abin da suka yi yayi shekara goma baya, shi ne sabon yayi a ɗakin kwananmu.

'Yan ajinmu za su tuna rikodar nan guda ɗaya tilo, mai ɗaurin kyauro a murfinta, wadda ake ɓoyewa a cikin silin saboda firifet. Za su tuna yadda muke karo-karon kuɗin batir, idan ya yi sanyi mu shanya shi a rana ko mu ɗan cije shi domin ya ƙara kwana ɗaya. Ba mu yarda mu mayar da kaset baya da rikoda ba, sai dai a zura masa biro a yi ta juyawa, don kada a ci batir a banza. Wutar NEPA kuwa, wadda aka sauya wa suna a 2005, baƙuwa ce, ranar da ta zo sai an yi shewa. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, amma har muka kusa fita, a makaranta sai dai mu gan ta a hannun malamai.

Kuma na tabbata babu wanda ya manta da ranar da wani abokinmu, bayan ya ga hoton Kris Kross a bayan kwalin kaset, ya fito taron safe da rigar makaranta maɓallai a baya. Shugaban makaranta ya dube shi ya ce tunda ya juya riga, to ya juya ya koma ɗaki da baya da baya. Haka ya yi ta ja da baya har ƙofar ɗakin kwana, makaranta duka tana dariya, har da malamai. Yau wannan aboki namu magidanci ne mai iyali, ba zan kama suna ba, amma ya san kansa.

Bokiti, Cokali da Gabza

Idan batir ya mutu, wasa bai mutu ba. Bayan an tashi daga firef na dare sai a kife bokiti, wani ya ɗauki cokali biyu, wani ya kama murfin akwatin ƙarfe, wani kuma ya dunƙule hannu a baki yana fitar da ƙarar ganga. Sai a yi da'ira. Duk wanda ya ji yana da abin faɗi ya shigo tsakiya.

Da farko Turanci muke kwaikwayo, Turancin da mu kanmu ba mu san abin da yake nufi ba, sai dai mu bi sautin kawai. Da tafiya ta yi tafiya sai muka ga ai wahalar banza muke yi, muka koma Hausa. A nan ne abin ya yi armashi. Aka yi wa gabza waƙa, aka yi wa waken da ƙwarinsa suka fi ƙwayarsa yawa, aka yi wa miyar da mutum zai hango fuskarsa a cikinta. Aka yi wa ƙararrawar asuba, da layin famfo, da siniyan da ke aiken yaro da naira biyar ya ce a sayo masa burodi da sukari a kawo canji. Mutanen Kankiya su tsokani na Kusada, na Kusada su rama a kan na Ingawa, mu 'yan Mawashi kuma a ce mana ƙauyawa, mu ce mun ji, amma da geronmu ake yin kunun da suke sha.

Wasan yana da dokoki, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Ba a zagin iyaye. Ba a taɓa mutum a kan talaucin gidansu ko wata nakasa ta jikinsa. Wanda aka yi wa ba'a yana da haƙƙin ya shigo ya rama nan take. Wanda ya fusata kuwa shi ya faɗi, ko da baitinsa ya fi na kowa daɗi. Alƙali shi ne dariyar jama'a. A wannan da'ira ne na ga yaron da ba ya iya ɗaga hannu a aji saboda kunya ya zama gwarzo, na kuma ga ɗan aji biyu ya kayar da ɗan aji shida ba tare da an taɓa lafiyarsa ba, abin da ba ya yiwuwa a ko'ina cikin makaranta sai a nan.

Darasi Biyu Daga Malamai Biyu

Akwai malamai biyu da ba zan rufe wannan tarihi ban ambace su ba, ko da ban kira sunayensu ba.

Na farko malaminmu ne na Hausa. Wata rana da dare yana zagaye ya ritsa mu a tsakiyar wasa. Kowa ya sandare, mai bokiti ya zauna a kan bokitinsa. Maimakon bulala sai ya ce a ci gaba. Ya saurara na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Yara, wannan abin da kuke jin daga Amurka ya zo, ai kakanninku sun riga su." Washegari a aji ya ajiye darasin da ya shirya, ya yi mana bayanin 'yan gambara, masu yawo kasuwa-kasuwa suna zuba magana da sauri a kan kiɗa, ɗaya yana faɗi ɗaya yana amsawa, suna sa mutane dariya. Ya yi mana bayanin 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai amma zancen nasu duk na tuwo da nama ne. Ya kawo kirarin 'yan dambe da na mafarauta, inda mutum ke wasa kansa kafin a gwabza. Ya kawo zambo da habaici, da wasan tsokana tsakanin taubasai, da tashen da muke yi da azumi, irin su Macukule da Jatau mai magani. Daga ƙarshe ya tuna mana da maƙwabcinmu Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda ya rasu a 1999, wanda yake iya ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a a kan kiɗan kalangu, ba takarda ba alƙalami.

Malam bai ce daga ƙasar Hausa Amurkawa suka ɗauko rap ba. Abin da ya nuna mana shi ne, dalilin da ya sa abin ya shige mu da sauri, mun tarar da shi ne a gida tun kafin ya zo. Daga ranar ya riƙa ba mu aikin gida na tsara baiti a kan karin magana. Ni dai ban taɓa son darasin adabi kamar a wannan zango ba.

Na biyu malaminmu ne na Turanci. Shi kuma muna aji huɗu, wajen 2004, ya kama wani sabon kaset da aka shigo da shi, irin na mawaƙan Amurka na wannan lokaci. Ya tara mu ya kunna, yana tsayarwa layi-layi yana tambayarmu ma'ana. Babu wanda ya sani. Sai ya fassara mana kaɗan, ya ce sauran bakinsa ba zai iya faɗi ba. Ashe abin da muke ta rerawa a hanyar masallaci zagin mata ne da kirarin harbe mutane. Ranar kunya ta kama mu ƙwarai. Bai fasa kaset ɗin ba, ya miƙo mana ya ce, "Duk abin da za ku sa a bakinku, ku fara sanin mene ne." A ranar muka fahimci cewa kiɗan da muka sani ya sauya tun da daɗewa, labari ne bai iso mana ba.

Yadda Wasa Ya Koma Gaske

Gaskiya ita ce tun farko akwai masu amfani da wannan salo wajen faɗin damuwar jama'a. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da "The Message", wadda ta bayyana ƙuncin rayuwar unguwannin talakawa. Wannan ba laifi ba ne, domin waƙa ta gaji haka. Amma a shekarun 1980 hodar iblis mai arha ta mamaye unguwannin baƙaƙen fata na Amurka, bindiga ta yawaita, sai aka sami mawaƙa, musamman a yankin Los Angeles, waɗanda suka mayar da rayuwar 'yan daba jigon waƙarsu. Manyan kamfanonin faifai suka ga abin yana kawo kuɗi, suka zuba jari a kansa. Tsokanar da a da ake yi a tashi ana dariya ta koma gaba ta gaske tsakanin mawaƙan gabashin ƙasar da na yammacinta. A watan Satumba na 1996 aka harbe Tupac Shakur, a watan Maris na 1997 aka harbe Notorious B.I.G. Na farko yana da shekara 25, na biyu 24. Wasan da aka fara don sayen kayan makaranta ya kai ga makabarta.

A nan gida ma abin ya ɗauki nauyi. A 2004 Eedris ya fitar da "Jaga Jaga", inda ya soki halin da ƙasa take ciki, har Shugaba Obasanjo ya nuna fushinsa a bainar jama'a. A wannan tsakani ne kuma samarin Hausa suka fara shiga situdiyo. Daga Jamhuriyar Nijar muka ji ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass-Wong, masu haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A Kano aka sami irin su Abdullahi Mighty da Billy-O da Ziriums. Billy-O ya yi wata waƙa mai suna "Rainy Season" wadda ya cakuɗa Hausa da Turanci cikin raha, irin cakuɗawar da mu ma muke yi a kan bokiti. Jin Hausa a kan wannan kiɗa daga cikin lasifika ya sa muka ji kamar an ba mu takardar shaida.

Sai dai zamanin bai ba su sararin wasa ba. Jihohin Arewa sun shiga aiwatar da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2007, shekarar da muka bar makaranta, aka tsananta sa ido a kan 'yan fim da mawaƙa a Kano, har aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku a kan faifan bidiyonsa mai suna "Bahaushiya". Mawaƙa suka mayar da martani da waƙoƙin suka, irin "Girgiza Kai" ta Ziriums. Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu, domin iyaye da malamai suna da hujjarsu ta kare tarbiyya, matasa kuma suna da tasu ta neman a saurare su. Abin da na lura da shi kawai shi ne, inda aka ja daga, raha ce take fara gudu.

Bayan haka abin ya bunƙasa. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta ba shi fili ta hannun Nomiis Gee, aka kuma sami gwanaye irin su ClassiQ da Morell da DJ AB da Deezell da B.O.C Madaki, waɗanda suka kai Hausa inda ba mu taɓa zato ba. A duniya kuwa, an yi bikin cikar hip-hop shekara 50 a 2023, rawar birek kuma ta shiga gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024. Abin da aka fara da kifaffen bokiti, a can da nan, ya zama sana'a mai ci da mutane.

Me Muka Rasa?

Na tambayi kaina: shin kiɗan nake kewa, ko kuwa ƙuruciyata? Domin an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na san cewa yau ni ne na zama irin iyayen nan da waƙar 1988 take cewa ba su fahimta. Yaran yanzu sun fi mu iya tsara baiti, sun fi mu kayan aiki, kuma har yanzu akwai masu barkwanci a cikinsu. Ban ce zamaninmu ya fi nasu tsarki ba, labarin kaset ɗin malamin Turanci ya isa shaida.

Amma akwai abu guda da na tabbata mun samu wanda ɗan yayana bai samu ba, shi ne da'ira. Mu mun yi abin ne tare, ido da ido, wanda ka tsokana yana gabanka, gobe kuma kwano ɗaya za ku ci. Dole ka iya bakinka, dole ka koyi haɗiye fushi, dole ka koyi yi wa kanka dariya. Shi kuwa yana saurare ne shi kaɗai, daga bakin wanda bai san shi ba, idan kuma ya tanka, a TikTok zai tanka wa wanda ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. A irin wannan fili zagi ya fi raha saurin yaɗuwa.

Sa'an nan ga halin tsaro. Tun daga daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, kowane uba a jihar nan ya sauya tunani a kan kwanan ɗansa a makaranta. Ƙauyukanmu da dama sun san daren da ba a fita. Dandali ya yi shiru a wurare da yawa, tashe ya ragu. Yaron da ya tashi cikin wannan yanayi, idan fuskarsa ta murtuke, ba kiɗa kaɗai za a tuhuma ba. To amma tarihin da na kawo a sama ya nuna cewa yaran Bronx ba su jira unguwarsu ta gyaru ba kafin su yi wasa. Fili kaɗan suka samu, da babba guda da ya ce a ci gaba, kamar yadda malaminmu na Hausa ya ce mana.

Kammalawa

Saboda haka ina da shawara ga ƙungiyarmu. Mun saba idan mun taru mu yi maganar gyaran rufin aji, da kujeru, da rijiyar burtsatse, kuma duk suna da muhimmanci. Ina roƙon a ƙara abu ɗaya wanda kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyar ba: gasar sarrafa harshe sau ɗaya a shekara, ranar Asabar da rana, a harabar makaranta. A yi kirari, a yi karin magana, a yi kacici-kacici, a yi tashe, a kuma yi gambarar zamani da Hausa. Sharuɗɗan su zama irin namu na da: ba zagi, ba batsa, ba taɓa iyaye, wanda ya fusata ya faɗi. Kada a kunna waya ko na'ura, bokiti da cokali sun wadatar. Malamin Hausa da malamin addini su zauna a teburin alƙalai, mu kuma tsofaffin ɗalibai mu kawo kyautar littattafai. In shugabannin ƙungiya sun amince, a sa wannan magana cikin ajandar taronmu na gaba.

Kafin in baro Mawashi na kira ɗan yayan nawa, na kife bokitin wankin mahaifiyarsa, na gwada masa irin namu na da. Murya ta shaƙe, numfashi ya gaza, baitin gabza ma rabinsa ya ɓace mini. Yaron ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Baba, ashe ku ma kun yi?" Na ce mun yi, kuma a gaban malamai. Sai ya karɓi cokulan ya ce in ba shi wuri.

Ga malamanmu da suka yi haƙuri da ƙarar bokitinmu, Allah ya saka maku da alheri. Ga 'yan ajinmu kuma, duk wanda ya san yana tuna ragowar baitin gabza, ya taho da shi taro na gaba. Bokiti dai ni na ɗauki nauyinsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu, ya bar zumunci.